Tsuntsayen Gandun Dajin Yankari da Yadda Suka Raba Wa Kansu Mazauni

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ko da yake a kan ɗan Adam aka yi wannan karin magana, in aka mayar da ita kan tsuntsun kansa sai a tarar ta zauna daram, domin kuwa ba kuka kaɗai tsuntsu yake ɗaukowa daga gidansu ba. Siffar bakinsa, da tsawon ƙafarsa, da launin gashinsa, har da lokacin da yake saka ƙwai, duk sun dogara ne ga irin wurin da yake zaune. Manufar wannan maƙala ita ce a duba tsuntsayen gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, a ga dalilin da ya sa nau'o'i masu yawa suka taru a daji guda, da yadda kowane nau'i yake amfani da ɓangaren da ya dace da shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, bambancin wuraren da ke cikin dajin ne ya tara tsuntsayen, kuma mafi yawan nauyin rayuwarsu yana rataye a kan wani siririn kwari guda ɗaya.

Yanayin Dajin

Gandun Yankari yana ƙasar Alkaleri, kudu maso gabas da birnin Bauchi, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi da abinta. Tun asali domin manyan namun daji aka keɓe wurin, watau giwa da ɓauna da gwanki da kanki da zaki, kuma har yau su baƙo yake fara tambaya in ya sauka a masaukin Wikki. Tsuntsaye dai albarkacin waɗannan suka ci, kamar yadda ƙadangare kan sha ruwan kasko albarkacin kaza.

Duk da haka masana ba su daɗe ba suka lura da irin dukiyar da ke kan bishiyoyin. A 1981 Crick da Marshall suka buga jerin tsuntsayen dajin da lokutan da ake ganinsu a mujallar Malimbus, ta ƙungiyar masu nazarin tsuntsayen Afirka ta Yamma, a 1989 kuma Green ya ƙara wasu nau'o'in a kai. Jimillar abin da aka rubuta ya haura nau'i 350. Ana ƙiyasta cewa kimanin 130 daga ciki mazauna ne da ba sa barin wurin rani da damina, kimanin 50 baƙi ne daga Turai da yammacin Asiya, saura kuwa masu kai da komowa ne a cikin nahiyar Afirka.

Kafin a fahimci rabon waɗannan tsuntsaye, tilas a san yadda ruwa yake a dajin. Ruwan sama da ake samu a shekara tsakanin milimita 900 ne zuwa 1,000, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga watan Mayu zuwa Satumba. Ƙarƙashin dajin dutsen yashi ne mai tsotse ruwa, saboda haka da zarar damina ta ɗauke sai tudu ya bushe ƙayau, a yi tafiya mai nisa ba a ga ko kududdufi ba. Amma ruwan da dutsen ya shanye bai ɓata ba. Yakan bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓuɓɓugo a kwarin da kogin Gaji ya ratsa tsakiyar dajin. Wikki ita ce mafi shahara a cikin waɗannan maɓuɓɓugai, ɗumin ruwanta digiri 31 ne a ma'aunin Salshiyas, dare da rana, ɗari da zafi. Su ne suke riƙe da Gaji ba ya ƙafewa ko da tsakiyar bazara. Watau ke nan daji biyu ne a cikin guda: faffaɗan tudu mai ƙishirwa fiye da rabin shekara, da siririn kwari mai danshi kullum.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a bambance tun yanzu. In masana sun yi maganar arzikin tsuntsayen wuri, abu biyu suke aunawa. Na farko shi ne adadin nau'o'in da aka samu, na biyu kuma yadda yawan tsuntsayen ya rarrabu a tsakanin nau'o'in. Alal misali, a ɗauki dazuzzuka biyu, kowanne da tsuntsu 100 daga nau'i 10. A na farko kowane nau'i yana da goma goma, a na biyu kuwa 91 duk jan-baki ne, sauran nau'i tara ɗaiɗai. Adadin nau'o'insu ɗaya ne, amma ba mai cewa arzikinsu ɗaya, domin a daji na biyu mutuwar tsuntsu guda tana iya shafe nau'i sukutum. Wannan ne ya sa ba a wadatuwa da jera sunaye, sai an ƙirga. Akan tsaya a wuri guda na wasu mintoci da sassafe a rubuta duk abin da aka gani ko aka ji, ko a bi wani miƙaƙƙen layi a ƙafa ana ƙirgawa, ko a kafa raga mai laushi a kama masu ɓoyo a cikin duhuwa, a sa musu zobe a ƙafa a sake su.

Kwarin Gaji

Wanda ya gangaro daga tudu da rani, abin da zai fara jin ya sauya shi ne iska. Yana shiga kurmin da ya bi gaɓar kogin sai sanyi ya ratsa shi, ga maɗaci da kanya da malmo da ɓaure sun haɗa kai sun rufe sama, ga tukurwa a inda ƙasa take jiƙe. Faɗin wannan kurmi bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta shi da dajin baki ɗaya, amma a cikinsa ne ake samun tsuntsayen da asalinsu na dazuzzukan kudu ne, waɗanda suka biyo inuwa da danshi har suka iso nan. Dalilin arzikin kurmi shi ne hawa hawa yake. Akwai masu cin 'ya'yan itace a can ƙoli, irin su kurciyar gamji da kulkulu da wani ɗan'uwansa mai launin shunayya da jan fiffike. Akwai masu cafke ƙwari a tsakanin rassa, akwai masu tonon busasshen ganye a ƙasa, ga kuma masu zama a reshen da ya rankwafo kan ruwa suna jiran kifi. Bishiya guda tana iya ciyar da nau'o'i da dama ba tare da wani ya shiga gonar wani ba, tun da kowa da tsayin da yake kiwo da abin da yake nema.

Babu tsuntsun da ya fi nuna dogaro da wannan kurmi kamar babbar mujiyar nan mai kamun kifi. Ja ce mai ratsin baƙi, nauyinta ya kai kilo biyu, ƙafafunta ba gashi, tafinta kuma da ƙaiƙayi domin riƙe kifi mai santsi. Sauran mujiyoyi tashinsu ba ƙara, don kada ɓera ya ji, ita kuwa ba ta damu da wannan ba, tun da abin farautarta yana cikin ruwa. Bukatunta uku ne, kuma sai sun haɗu a wuri guda: ruwa mai tafiya a hankali wanda ba ya ƙafewa, reshen da za ta tsaya a kansa da dare, da babbar bishiya mai duhu da kogo inda za ta wuni ta kuma yi saka. In aka sare manyan bishiyoyin gaɓa, ko kogin yana cike da kifi ba za ta zauna ba.

A inda kwarin ya buɗe sai kurmi ya ba fadama wuri, da ciyawa da tafkuna da giyayya jefi-jefi. A nan tsawon ƙafa ne yake raba gado. Akwai wani ƙaton zalɓe, wanda ya fi dukkan danginsa girma a duniya, da yake shiga ruwa mai zurfi ya tsaya cik yana jiran babban kifi. Zalɓen da aka saba gani yana tsayawa daga baki-baki. Taka-a-baɗo, da dogayen yatsunsa, yana yawo a kan ganyen baɗo inda ba mai iya binsa. Balbela kuwa, ko da yake dangin zalɓe ce, ta bar ruwan gaba ɗaya ta bi ƙafar ɓauna tana tsintar farin da take tayarwa. A wannan fadama ce kuma ake ganin wani babban ɗan'uwan shamuwa, baƙi da fari, mai tsayin kusan mita ɗaya da rabi, bakinsa ja da baƙi, da wani abu rawaya a gindin bakin kamar an ɗora sirdi. Ba ya taro, daga shi sai matarsa, kuma kowane miji da mata sai sun sami fadama mai faɗi su kaɗai. Shi ya sa ko a inda yake ba ya yawa, a Nijeriya kuwa wuraren da suka rage masa kaɗan ne, Yankari na cikinsu.

Wani mazaunin da ido kan tsallake shi ne gaɓar da ruwa ya zaizaye ta tsaya a miƙe kamar bango. Ita ce gidan wani kyakkyawan tsuntsu kore mai jan maƙogwaro, daga dangin masu farautar ƙudan zuma. Sukan haƙa ramuka a jikin gaɓar, jama'a guda, sai a ga bangon ya yi huji-huji kamar rariya. Abin sha'awa shi ne a ƙarshen damina suke haƙar, tun ƙasa tana da laushi, amma ba sa saka ƙwai sai rani ya yi nisa, lokacin da ba fargabar ambaliya. Wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, C. H. Fry, ya yi nazarin wannan tsuntsu a kewayen Zariya a shekarun 1960, ya nuna cewa sau da yawa ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'yan tsaki ba, akwai mataimaka, galibi 'ya'yan bara da ba su yi nasu gidan ba. Su ma dai rayuwarsu tana rataye ne a kan ɗan abu kaɗan, watau bangon ƙasa da bai ruguje ba. Garken shanu guda in ya mayar da wurin mashaya, ya isa ya tashi unguwa.

Giginya ma mazauni ce mai zaman kanta. Akwai wata 'yar siririyar tsattsewa da take liƙa sheƙarta a bayan ganyen giginya da yawunta, ta kuma liƙe ƙwan a jikin sheƙar don kada iska ta zubar. Akwai wani ƙaramin shaho mai jan ƙeya da shi ma ba a cika raba shi da giginya ba. 

Tudu da Duwatsu

Mafi yawan faɗin Yankari tudu ne, dajin kawo da taramniya da baushe da taura da marke, da gamba a ƙarƙashi wadda kan fi mutum tsayi da kaka. In aka auna da taki-taki, tsuntsayen tudu ba su kai na kurmi cunkoso ba, amma akwai nau'o'in da ba su da wani gida sai nan, musamman manya masu tafiya a ƙasa da suke bukatar fili. Zabin daji da fakara su ne aka fi gani. Sai burtu, wanda maharba suka daɗe suna sa kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji. Burtu yakan wuni yana takawa yana tsintar ƙadangaru da macizai da fara, amma in zai yi saka sai ya sami kogon tsohuwar bishiya mai kauri ko na dutse. Ƙwai biyu yakan saka, galibi kuma ɗa guda ke tashi. Tsuntsu mai jinkirin haihuwa haka, in aka rage shi, ba ya saurin farfaɗowa.

Maganar kogo tana da muhimmanci ƙwarai a tudu. Cilakowa a kogo take saka, macen ta shiga ta toshe ƙofar da taɓo da kashinta, ta bar 'yar tsaga da namiji zai riƙa miƙo mata abinci har 'yan tsaki su ɗan tasa. Tsirya a kogo take, haka shaya da ƙananan mujiyoyi. Kaɗan ne daga cikinsu ke iya fafe itace da kansu, saura sai su jira maƙwaƙƙwafi ya fafe ya tashi, ko ruɓa da gara su yi musu aikin. Saboda haka busasshiyar bishiyar da mai neman itacen girki yake ganin ba ta da sauran amfani, ita ce gidan haya na unguwar. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ake samun irin waɗannan tsuntsaye a gandu fiye da gonakin da ke kewaye da shi, ko da kuwa gonakin suna da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya.

Akwai kuma tsaunuka da tsagogin dutsen yashi a wurare daban-daban na dajin. Faɗinsu kaɗan ne, amma suna da nasu jama'ar: kazar dutse, mai ɗaga wutsiya kamar kazar gida, da hasbiya, da tsattsewa masu gini da laka a ƙarƙashin dutse, da wani yautai mai launin dutsen da yake kwanciya a kai, har sai an kusa taka shi yake tashi.

A nan ya dace a ɗan ratse a lura cewa Bahaushe ya daɗe da gane wannan rabo, sunayen da ya laƙaba su ne shaida. Kazar dutse, kurciyar gamji, taka-a-baɗo, zakaran ƙeƙuwa, sha-kauci, kowane suna yana faɗin inda za a nemi mai shi ko abin da yake ci. Mai nazarin da ya zauna da tsofaffin maharba ya tattara irin waɗannan sunaye zai fito da rabin taswirar mazaunin tsuntsaye tun bai ɗauki tabarau mai hangen nesa ba. Abin takaici shi ne ƙananan tsuntsaye da yawa ba su da sunan da kowa ya yarda da shi, wasu kuma sunan yana bin tsofaffin zuwa kabari.

Sauyin Lokaci

Duk rabon da aka bayyana a sama ba a tsaye yake ba, yana juyawa da shekara. Da damina ruwa yana ko'ina, ƙwari sun yi yawa, tsuntsaye sukan bazu cikin tudu su yi saka. Marai yana saƙa, mulufi ya yi ja, zalaidu ya ja doguwar wutsiya. Da rani ya kama sai a fara gangarowa kwari. Masu cin ƙwari suna samun ɗan ruwa a jikin abincinsu, don haka suna iya jurewa a tudu, amma masu cin tsaba, irin su kurciya da bardo da bainu, tilas su sha ruwa kusan kullum, saboda haka ba sa iya nisa da Gaji. Akwai wani tsuntsu mai kama da kurciya, mai zama a ƙasa, da yake zuwa mashaya jama'a guda bayan faɗuwar rana. Namijinsa yakan jiƙa gashin cikinsa ya tashi da ruwan ya kai wa 'yan tsaki can cikin tudu su tsotsa. Ashe ko tsuntsun da aka ƙirga a matsayin na tudu, wani lokaci kwarin ne yake raya shi.

Baƙin cikin Afirka suna bin ruwan sama ne, su yi arewa in ya yi arewa, su komo in ya komo. Shamuwa ce aka fi sani, mai zuwa da goshin damina, wadda kan tafi gabashi da kudancin Afirka in kaka ta yi. Ita kam a bishiyoyin cikin gari take sheƙa, dajin wurin kiwo ne kawai a gare ta, wanda yake nuna cewa ba kowane tsuntsu ne gandu yake wadatarwa ba. Baƙin Turai kuwa daga watan Satumba zuwa Oktoba suke isowa, bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su koma a Maris da Afrilu. Wasunsu nauyinsu bai wuce giram 10 ba. Kafin su juya sai sun tara kitsen da zai ƙetarar da su, har wasu kan kusan ninka nauyinsu, wannan kuwa yana faɗowa ne daidai lokacin da daji ya fi bushewa. Nazarin da aka yi a cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa kusa da Jos a 2001, ya nuna cewa wasu daga cikin waɗannan baƙi suna komowa daidai ɗan filin da suka zauna bara, shekara bayan shekara. In aka share filin, tsuntsun da ya taso daga gabashin Turai zai iso ya tarar ba masauki.

Wuta ita ma tana sake rabon. Ma'aikatan gandu sukan sa wuta da wuri, a Nuwamba da Disamba, tun ciyawa tana da sauran ɗanye, don ta ci sama-sama ta bar tsibirai, sabon toho ya fito wa dabbobi, masu ziyara kuma su iya hango su. Tsuntsaye da dama suna cin moriyar wannan. Wuta tana tashi sai a ga shirwa ta taru, da jajayen 'yan'uwan mai jan maƙogwaro, da wani shaho mai jan fiffike da kan sauko daga Sahel da rani musamman don fara, duk suna shawagi a bakin hayaƙi suna cafke abin da ya tashi. Bayan ta mutu kuma akwai masu son baƙar ƙasar, har da yautai ɗin nan da namijinsa yake da dogon gashi guda a kowane fiffike mai tuta a ƙarshe, wanda a kan tsurar ƙasa macensa take saka ƙwai. Wutar da take ɓarna ita ce ta ƙarshen rani, wadda mafarauta da masu kiwon sata kan sa. Ita tana da zafi, tana kashe ƙananan bishiyoyi, tana cinye busassun da ke da koguna, tana kuma gutsurar gefen kurmi kaɗan-kaɗan kowace shekara. Dajin da aka ƙone gaba ɗaya da wanda aka hana wa wuta gaba ɗaya duk sukan zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, tsuntsaye kuwa dabbare-dabbare suke so.

Dabbobi, Ungulaye da Iyakar Gandu

Wasu tsuntsayen dabba ce mazauninsu. Carki a bayan ɓauna da gwanki yake wuni yana cire kaska, in babu manyan dabbobi babu shi. Giwa kuma, ba da saninta ba, ita ce mai gyaran dajin: tana karya rassa, tana buɗe hanya cikin duhuwa, tana watsa ƙwallon giginya da na sauran itatuwa a kashinta. Sai dai da rani duk giwayen a kwarin Gaji suke taruwa, in matsin ya yi yawa kurmin ne yake jin jiki. Ƙirgar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye kusan 350, daga baya masu neman haure suka rage su ƙwarai. Ko yawansu ko ƙarancinsu, kowanne yana da alamar da yake bari a jikin kurmi, tsuntsaye kuma su bi.

Inda al'amarin ya fi muni shi ne wajen ungulaye. An rubuta nau'o'i da dama a Yankari, kuma ko a kan mushe guda suna da rabon aiki. Babba mai kaurin baki shi ke yage fata, maiki mai dogon wuya ya zura kai ya ci na ciki, ungulun da aka saba gani a mahauta ta tsince abin da ya rage. An ce ungulu ba ta jewar banza, maharba da ma'aikatan gandu kuwa da jewarta suke gane inda dabba ta faɗi. Yau sararin ya yi shiru. Wani masani Bafaranshe, Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandaye. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa nau'i huɗu na ungulayen Afirka, har da ta mahauta, a sahun da ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe tana cikin dalilai, haka ma cinikin kawunansu da sauran sassan jikinsu don magani da tsubbu, wanda Nijeriya take cikin manyan kasuwanninsa. Ungulu ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, ba ta da yadda za ta mayar da irin wannan hasara. Kuma maiki yana iya tashi daga Yankari da hantsi ya ci mushe a nisan da ya wuce faɗin gandun gaba ɗaya kafin la'asar. Iyakar da aka shata a 1956 tana iya tsare giwa zuwa wani matsayi, amma ba ta da iko a kan mai fiffike.

A 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji mai hedikwata a Amurka domin ƙarfafa sintiri a gandun, kisan giwaye kuwa ya ragu bayan haka. Wannan ya amfani tsuntsaye ma, domin sintirin da ya hana mafarauci shiga ya hana wutarsa. Amma gonaki sun matso har bakin iyaka a wurare da yawa, shanu kuma suna kutsawa da rani, kuma ba ko'ina suke nufa ba sai kwarin nan guda da kowa yake dogara da shi.

A kan haka ne ya kamata a yi hattara da adadin nan na 350 da ake yawan ambata da alfahari. Jeri ne da aka tara cikin shekaru da dama, kuma jeri irin wannan ƙaruwa kawai ya sani. Tsuntsun da aka gani sau ɗaya tak shekara arba'in da suka wuce yana nan a rubuce, wanda ya ƙaura tuntuni ma ba a goge sunansa ba. Abin da zai nuna gaskiyar halin da dajin yake ciki shi ne a riƙa komawa wurare ƙayyadaddu, a kurmi da fadama da tudu da dutse, da rani da damina, ana ƙirgawa da hanya iri ɗaya, sannan a ajiye sakamakon kowane mazauni daban. In aka haɗa su a jimilla guda, yawan kurciya da jan-baki a mashaya zai rufe ɓacewar mujiyar kurmi, wadda ko a shekarar da ta fi albarka 'yan ƙalilan ne suke zaune a tsawon kogin Gaji.